Babur ɗin Kabo Ba Ya Zuwa Yamma

Kanyar Iyaka gari ne da hanya ɗaya ta raba shi biyu. In ka tsaya a tsakiyar hanyar ka fuskanci gabas, duk gidajen da ke hannun damanka na ƙaramar hukumar Gaya ne, na hagu kuma na Ajingi. Mutanen garin ba su taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Rijiyarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, kajin kudu su wuni a arewa ba mai ce musu kanzil. Mutum ɗaya ne kawai ya zauna ya yi wa iyakar nan dogon tunani, shi ne Kabo, kwamandan 'yan sintirin garin, kuma da bai yi tunanin ba da ya fi wa kowa alheri.

Kabo gajere ne mai turo ƙirji, usur ba ya barin wuyansa ko wurin cin tuwo. In ya zauna a teburin mai shayi ya fara ba da labarin ɓarayin da ya kama, yawansu ƙaruwa yake da kowane kurɓi. Mutane suna barinsa ya yi ta zuba, don kowa ya san ba Kabo ɓarayi suke tsoro ba, babur ɗin da ke ƙarƙashinsa suke tsoro. Hukumar Gaya ce ta ba su shi bayan wata shekara da satar awaki ta ishi jama'a. Tun zuwansa sata ta yi sauƙi, kuma da shi ake garzayawa asibiti da duk wanda ciwo ya kayar, tunda ba wani abin hawa a garin da za a dogara da shi in ruwa ya ɓata hanya. Ranar da aka kawo shi, Malam Dalhatu, jami'in da ke sa ido a kan 'yan sintiri daga Gaya, ya faɗi sharaɗi a gaban mai unguwa da kowa da kowa: ba acaɓa, ba canja masa kama, ba kai shi wani wuri da sunan wasu. Aka saɓa ɗaya, babur ya koma inda ya fito. Sunan Gaya kuma ga shi nan rangaɗe a gefe biyu na tankin.

Wata rana da damina Kamalu, mataimakin Kabo, ya dawo daga Toranke, can yankin Ajingi, da labari.

“Kwamanda, na ji Ajingi za ta riƙa ba 'yan sintirin yankinta man fetur duk wata, da takalman ruwa da tocila. Amma fa sai ƙungiyar da ke da abin hawanta na ƙashin kanta, wanda jama'a suka yi ƙoƙari suka saya.”

Kabo ya ajiye kofin shayi. “Abin hawa ai muna da shi.”

“Na Gaya ne.”

“Kamalu, babur gefe nawa gare shi?”

“Biyu.”

“To, ka taɓa ganin ɗan Adam ɗin da ya kalli gefe biyu na babur a lokaci guda?”

Kamalu ya nemi irin wannan mutum a cikin danginsa, bai samu ba. Kabo ya dafa kafaɗarsa ya ce shi ya sa shi ne kwamanda, Kamalu kuma mataimaki.

Washegari Kabo ya hau babur na haya ya tafi Ajingi, ya sami Hajiya Zuhra, jami'ar da aka ɗora wa wannan aiki, ya shaida mata cewa mutanen Kanyar Iyaka sun sayar da gyaɗarsu sun saya wa 'yan sintiri babur, shi kuma da kansa ya ba da saniya. Ba shi da saniya, bai taɓa yi ba. Hajiya ta yaba, ta ce za ta zo ta gani da idonta kafin a fara ba su komai.

Da ya dawo gida ya shigar da babur tsakar gida, ya lalubo gwangwanin fenti a bayan rumbu, ya shafe gefen hagu na tankin. Matarsa Hanne ta fito daga madafa ta tsaya a kansa riƙe da ludayi.

“Malam, wannan ba fentin ƙofar banɗakina ba ne?”

“Aikin hukuma ya fi ƙofar banɗaki.”

“Wace hukumar a ciki? Wadda kake shafewa ko wadda za ka rubuta?”

“Hanne, harkar tsaro ba ta mata ba ce.”

“Haka ne. Mu namu shi ne wanke wando in an faɗa taɓo.”

Bai kula ta ba. Ya tsoma tsinke ya rubuta sunan Ajingi da manyan baƙaƙe, ya ƙara da cewa ƙoƙarin al'umma ne, ya ja da baya yana kallon aikinsa kamar wanda ya gina bene. Dama ta Gaya, hagu ta Ajingi. Ya ce ko a birnin Kano ba a taɓa yin wannan dabara ba, kuma a nan kam gaskiya ya faɗa.

Sai da gari ya waye matsalar farko ta leƙo. Mai unguwa, wanda shi ya tsaya shaida ranar karɓar babur, gidansa a kudu yake, kuma a ƙofar zaurensa yake wuni a kan buzu yana kallon hanya. In Kabo ya nufi gabas, gefen Gaya ne ke kallon mai unguwa, lafiya lau. In ya juyo yamma, gefen Ajingi ne zai faɗa a idon tsohon. Gidan Kabo kuwa a ƙarshen yamma yake. Saboda haka daga ranar babur ɗin Kanyar Iyaka ya daina zuwa yamma ta cikin gari. Kabo zai fita gabas da ƙara da busa usur, ya haye kwalbatin da ke bakin gari, ya zagayo ta bayan gidaje, ta cikin gonakin mutane, ya shigo gida ta ƙofar baya da ganyen wake a kunnensa.

Ba a jima ba mai unguwa ya kira shi.

“Kabo, wani abu ya ɗaure mini kai. Kullum ina ganin babur ya fita, ban taɓa ganin ya dawo ba, amma gobe sai in sake ganin ya fita. Nawa ne gare ku?”

“Ranka ya daɗe, sirrin tsaro ne. Idan kai da kanka ka rikice, ina ga ɓarawo?”

Mai unguwa ya gyaɗa kai a hankali, ba don ya gamsu ba. Mutanen arewa kuwa, da suke ganin gefen hagu kullum, tun ranar farko suka karanta abin da ke jiki. Suka yi shiru, wasu don kunya, wasu don suna son ganin inda abin zai tsaya.

Ana cikin haka wata safiya Iya Adama, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mai shayi, ta fito ba mayafi tana kiran jama'a. An ga wani baƙo yana jan akuyarta ya yi yamma da ita. Kabo yana wurin shayi, babur a jingine, hagunsa a jikin bango. Ya yi tsalle ya hau, ya buga kik, ya busa usur, ya ba shi wuta ya yi gabas.

“Kabo, yamma aka ce,” in ji Iya Adama tana nuna masa da hannu biyu.

“Na sani, Iya. Ta gaba zan tare shi.”

“Ta gaban wa? Makka za ka fara zuwa?”

Ya riga ya yi nisa. Ya haye kwalbati, ya ratsa gonar gyaɗar wani bawan Allah, ya ga kamar zai makara, sai ya yanke ta fadama. Fadama ta karɓe shi hannu biyu. Sai bayan la'asar ya shigo gari yana tura babur, laka har ƙirji, takalmi ɗaya ya zauna a can. Ya tarar da akuyar a ɗaure a turkenta tana tuƙa. Ashe taurin kai ta yi wa ɓarawon a bakin burtali, ta ƙi gaba ta ƙi baya, da ya ga mutane sun fara fitowa ya saki igiya ya yi ta kansa.

“Kun gani ko?” in ji Kabo yana yarfe laka daga gemu. “Ƙarar babur ya jiyo ya sake ta.”

“Daga fadama?” in ji mai shayi.

“Salansata tana kai nisa.”

Hanne ta karɓi wandon, ta shanya shi a kan katanga ta wajen hanya inda kowa zai gani.

To, sai ga ranar duba aiki ta ƙarato. Malam Dalhatu ya bugo waya ya ce zai zo zagayen da ya saba ranar Alhamis da safe. Hajiya Zuhra ma ta bugo tana tambayar ranar da ta dace. Mai hankali zai ce mata Litinin ko Talata. Kabo ya ce Alhamis da yamma, wai don a yi shara sau ɗaya, a dafa abinci sau ɗaya, yaran sintiri kuma su yi fareti da ɗuminsu.

Kamalu ya ce, “Kwamanda, falmaran ɗinmu fa an rubuta Gaya a baya.”

“Falmaran ba ta da ciki? Da yamma kowa ya juya tasa.”

Daren Laraba aka kwana ana ruwa. Da safe hanyar Kademi, wadda ake bi daga Gaya, ta yi laushi, motar Malam Dalhatu ta yi ta lallaɓawa, bai iso ba sai bayan azahar. Hajiya Zuhra kuwa ta gama abin da ya kai ta Toranke da wuri, ta ce bari ta rage hanya. Motocin biyu suka tsaya a Kanyar Iyaka kusan tare, a-kori-kurar Gaya a kudu, ƙaramar motar Ajingi a arewa. Kamalu ya dubi Kabo, ya ga gumi na bin wuyansa yana ɗiga a kan usur.

“Mu gudu?” in ji Kamalu a hankali.

“Kwamanda ba ya gudu. Raba yara biyu. Rabi kudu yadda suke, rabi arewa su juya riga. Kada wanda ya ba Hajiya baya, kada wanda ya tsallaka hanya.”

Ya ruga kudu, inda aka shimfiɗa wa Malam Dalhatu tabarma a gindin darbejiya kusa da mai unguwa, ya ƙame ya sara.

“Sannu da aiki, Kabo. Waccan ba Hajiya Zuhra ta Ajingi ba ce? Me ya kawo ta?”

“Yallaɓai, koyon aiki suka zo. Labarinmu ya kai musu. Suna son su ga yadda Gaya ke riƙe da 'yan sintirinta.”

Malam Dalhatu ya ji daɗi har ya gyara zaman hularsa. Ya yunƙura zai je su gaisa, Kabo ya tare shi da cewa a bari sai bayan fareti, don yara sun tsaya a rana.

Ya ruga arewa, inda Hajiya ke zaune a kujerar roba a gindin kanya, ya sake sarawa.

“Malam Kabo, ashe kana da baƙi daga Gaya.”

“Ranki ya daɗe, koyon aiki suka zo. Sun ji yadda mutanen Ajingi suka sayi babur da guminsu, abin ya ba su kunya.”

“Allah sarki. To, me ya sa yaranka suka sa riga a bai-bai? Ga aljihu nan duk a waje.”

“Salo ne, Hajiya. Ɓarawo in ya hango su sai ya ɗauka mahaukata ne, ya saki jiki.”

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗaga wa Malam Dalhatu hannu daga nesa, shi ma ya ɗago mata, kowannensu yana tausayin ɗan'uwansa. Gari kuwa ya fito kaf. Mata a kan katanga, maza a bakin hanya, mai shayi ya rufe tukunya ya zo ya samu wuri a gaba.

Kabo ya koma ƙarshen yamma, ya fito da babur. Da asuba ya ƙara wa gefen hagu fenti don ya yi ƙyalli, ya sa farin wandonsa na Juma'a. Ya buga kik, ya taho a hankali ta tsakiyar hanya, ƙirji a gaba, usur a baki. Kudu suka ga Gaya suka tafa. Arewa suka ga Ajingi suka tafa. Malam Dalhatu ya ce wa mai unguwa an riƙe babur da kyau. Hajiya ta ce wa direbanta jama'ar nan sun yi ƙoƙari. Daɗi ya kama Kabo har ya saki hannu ɗaya ya sara wa dama, ya canja ya sara wa hagu. A ransa ya riga ya fara tsara yadda zai ba da labarin nan a wurin shayi.

Ya isa bakin gari zai haye kwalbati ya ɓace kamar kullum, sai ya taka birki. Babu kwalbati. Ruwan jiya ya shafe ta, rafi ne ja wur yake wucewa da karan dawa a kansa. Dama katangar makaranta, hagu kududdufi.

“Kabo, dawo da shi in duba inji,” in ji Malam Dalhatu da ƙarfi.

“Eh, kawo shi nan kusa mu gani,” in ji Hajiya.

Kabo ya zauna a kan babur yana kallon ruwa. In ya juya, Gaya za ta karanta Ajingi, Ajingi ta karanta Gaya. Ya kashe inji, ya sauke ƙafafu ƙasa, ya fara turo babur da baya, yana zaune a kai, fuskarsa na gabas, ƙeyarsa na tahowa wurin manyan baƙi.

Ba ka jin komai sai taɓo yana tsotsar takalmansa.

“Me yake yi haka?” in ji Malam Dalhatu.

Kamalu ya ce, “Yallaɓai, ina jin sabon salo ne.”

“Dabarar ja da baya ke nan,” in ji Kabo ba tare da ya waiwayo ba, yana haki. “Ɓarawo zai ga kamar tafiya muke, alhali zuwa muke.”

“Kai dai ka zo ɗin,” in ji Hanne daga kan katanga, mata suka tuntsire da dariya.

Ƙafafun Kabo gajeru ne, da kan yatsu yake taɓa ƙasa. Duk da haka ya ci rabin hanya, har ya fara samun ƙarfin gwiwa yana ƙara sauri. Daidai tsakanin darbejiya da kanya akwai ɗan gangare da ruwa ya zaizaye. Tayar baya ta faɗa ciki, ƙafar dama ta nemi ƙasa ta rasa, babur ya yi tangal-tangal ya kwanta a kan damansa, Kabo a ƙarƙashi, usur ya yi wata 'yar ƙara ta ƙarshe.

Kowa ya manta da umarnin kada a tsallaka hanya. Masu riga daidai da masu riga a bai-bai suka cakuɗe, baƙi biyu suka iso a tare. Malam Dalhatu ya sunkuya zai kama kan babur, sai idonsa ya sauka a kan tanki. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

“Hajiya, ashe ku ma kun ba su babur?”

“A'a, nasu ne. Gyaɗa suka sayar, shi kuma ya ba da saniya.”

“Wace saniyar?” in ji Hanne.

Aka ɗaga babur ya tsaya. Hajiya ta zagaya ɗaya gefen, ta sa gefen mayafinta ta share laka, sunan Gaya ya fito tas. Ta zagayo, Malam Dalhatu ya zagaya. Sai da suka yi wa babur ɗawafi su biyu, mai unguwa na biye da su da sanda yana cewa yau dai ya gane inda babur yake kwana. Kabo ya miƙe, farin wandonsa ya kwashi ɗanyen fenti daga gwiwa zuwa cinya.

“Yallaɓai, ranki ya daɗe, ku bari in yi bayani. Wannan haɗin kai ne. Ni ne mutum na farko da ya haɗa ƙananan hukumomi biyu a kan tanki ɗaya.”

Ba wanda ya yi dariya sai mai shayi, shi ma ya mayar da ita tari.

Hajiya Zuhra ta ce, “Malam Kabo, rabin garin nan namu ne, mun sani. Da ka zo ka ce mini babur na Gaya ne amma yana yi wa mutanenmu aiki, da ni da Malam Dalhatu waya ɗaya za mu yi. Su babur, mu mai. Akwai garuruwan iyaka da muke yi wa haka. Yanzu kuwa ban san da wane baki zan kai sunanku gaban kwamiti ba.”

Malam Dalhatu bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce sharaɗi a gaban jama'a aka faɗe shi, ba shi da ikon ya kau da kai. Babur zai koma Gaya har kwamiti ya zauna ya ga abin da ya dace, kuma bai san ranar zaman ba. Mai unguwa ya roƙa, liman ya sa baki, Malam Dalhatu ya ce zai isar da roƙonsu amma ba zai bar babur ba. 'Yan sintiri da kansu suka ɗora shi a bayan a-kori-kura, Kamalu yana ɗaure igiya yana share ido da kafaɗa.

Motocin suka tafi, ɗaya kudu ɗaya arewa. Dariyar da aka sha ɗazu duk ta bi ruwa, mutane suka tsaya cirko-cirko suna kallon sawun taya. Mai unguwa ya juyo ya ce zagayen da babur yake yi safe da yamma, daga burtali zuwa bakin fadama, ba za a fasa shi ba, Kabo ne zai riƙa yi da ƙafa har ranar da aka dawo da shi, in an dawo da shi.

Kabo ya gyara tsayuwa, ya turo ƙirji. “Ranka ya daɗe, dama ni na fi son ƙafa. Babur yana hana kwamanda jin motsin ɓarawo. Ku zuba ido, a sati ɗaya sai na...”

“Kabo,” in ji Iya Adama. Ba ta ɗaga murya ba, ta matso har gabansa tana dogara sanda. “Surukata watanta ya tsaya, yau ko gobe muke jira, kuma wancan karon da ƙyar aka same ta. In abin ya taso, ga hanya yadda ka gan ta, kai za ka goya ta zuwa asibiti?”

Kabo ya buɗe baki. Jama'a suka jira, don ba a taɓa yi masa tambayar da ya rasa amsarta ba. Ya dubi Iya, ya dubi hanyar da motar ta bi, ya rufe bakin. Can ya sunkuya ya karɓi gora daga hannun Kamalu, ya kama hanyar fadama da ƙafa, ba wanda ya bi shi.